Amsar Wasiƙunku: Kafin Ka Sayi Hom-Tiyata

Wasiƙar da za mu amsa a wannan makon ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Dambatta ta Jihar Kano. Ya ce Allah Ya ba shi albarkar riɗi bana, kuma bayan ya ware abincin gida da kuɗin taki, yana so ya sayi abin nan da ake kira hom-tiyata, don iyalinsa su riƙa kallon finafinan Hausa da sauraren tafsiri da azumi. Ya shiga kanti an nuna masa iri-iri, kowanne da manyan lambobi a jikin kwali, har kansa ya ɗaure. Shi ne yake tambaya, wanne zai saya ba tare da ya yi da-na-sani ba?

To malam, mun gode da wasiƙarka, kuma ka kyauta da ka fara cire abinci da taki kafin ka zo kan nishaɗi. Da farko dai wannan tiyatar ba ta asibiti ba ce. Kayan sauti ne da ake haɗawa da talabijin ko waya, don murya ta fito tangararas kamar a gidan silima. Akwai uwar injin mai ƙara ƙarfin sauti, akwai babbar sifika mai fitar da gurnani wadda ake kira wufa, sannan akwai ƙananan sifikoki. In ka ga an rubuta 2.1, wato ƙanana biyu da wufa ɗaya ke nan. In 5.1 ne, ƙanana biyar da wufa ɗaya. Mai 5.1 yana son falo mai faɗi da wayoyi zagaye da bango, kuma sai fim ɗin an naɗe shi da sauti kashi-kashi kafin a ji amfaninsa. Ga ɗaki irin namu na karkara, 2.1 ya wadatar, ragowar kuɗin ka bar su a aljihu.

Abu na biyu, kada lambobin kwali su ruɗe ka. Za ka ga an rubuta wat 3000 ko 5000, kusa da su kuma haruffa PMPO. Wannan awo ne na ƙarar da ba ta wuce ƙiftawar ido, an sa shi ne don jan hankalin mai saye. Awon da ake dogara da shi shi ne mai haruffa RMS. In ba ka gan shi ba, juya bayan injin ka duba ƴar takardar da ke nuna wutar da yake sha. Injin da ke shan wat 60 ba yadda za a yi ya riƙa fitar da 5000, kamar dai yadda ba ka zuba tiya ɗaya a injin niƙa ka kwashi buhu.

Na uku, kuma shi ne ya fi kashe wa mutane kaya, batun wuta. Wutar Nijeriya da ta Nijar tana kai bolt 220 zuwa 240. Ta Amurka 120 ce, ta Japan kuwa 100. Saboda haka in na hannu za ka saya, irin wanda ake ce wa ɗan Kwatano, ka duba bayansa da kyau. In 110 ko 120 kaɗai aka rubuta, kana jonawa zai yi hayaƙi, sai fa in an haɗa shi da taransifoma mai rage wuta. Haka kuma wutar lantarki da ta ƙaramin janareto suna hawa da sauka, don haka ka sa kuɗin sitabilaiza cikin lissafinka tun daga gida.

In kuwa sola da batir kake amfani da su, ga ɗan lissafi irin na aji. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da wutar da za ta riƙe kayan wat 100 na awa 12 a takarda. Amma batir mai ruwan asid ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, in ba haka ba zai mutu da wuri. Saura awa 6 ke nan, inbata kuma za ta ci nata, ka ga kamar awa 5 za ka samu. To kowane ƙarin sifika ragin lokacin kallo ne. Akwai masu aiki kai tsaye da batir mai bolt 12, ka tambaya, sun fi dacewa da garin da wuta ba ta kai ba.

Yanzu sai shiga kasuwa. Ko Sabon Gari ka je a Kano, ko babbar kasuwar Kaduna, ko ta garinku, kada ka tsaya a shago ɗaya, taya aƙalla uku. Tafi da wayarka ko mimori mai ɗauke da magana zalla, kamar wa'azi ko labarai, domin mai kanti kiɗa zai sa maka, kiɗa kuwa yana ɓoye aibun sifika. Ka sa a ƙara murya ta wuce rabi, in ka ji tana karkarwa ko tana shaƙewa, bar ta. Kara kunnenka a kowace sifika ɗaya bayan ɗaya. Gwada rimot, da rediyon FM, da wurin sa mimori, da Bluetooth. Kafin ka baro gida ma ka duba bayan talabijin ɗinka, ramin HDMI gare shi ko mai ja da fari, don kada ka kai gida ka tarar ba su haɗuwa. Karanta sunan kamfanin harafi-harafi, saboda masu jabu sukan canza harafi ɗaya a sanannen suna. Kuma wanda za ka ɗauka shi za a buɗe a gwada a gabanka, ba na kan kanta ba.

Kada ka fita ba rasit mai sunan shago da kwanan wata da lambar injin, a kuma rubuta wa'adin garanti a ciki, domin alƙawarin baki ba ya zama shaida ranar rigima. In akwai mai gyaran rediyo a kusa da ku, tambaye shi wane iri ne ake samun kayan gyaransa. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma mai tsada ma in ba mai gyara shi a yankinku, ranar da ya tsaya ya zama kayan ajiya.

In ka kai gida, ɗora shi inda iska ke ratsawa, ka rufe shi da ƙyalle in an kashe saboda ƙurar hunturu, ka kuma cire shi daga wuta da wayar eriya in hadari ya taso. Sannan a tausaya wa maƙwabta da kunnuwan yara, domin ƙarar da ta wuce kima tana rage ji a hankali, kuma in ya tafi ba ya dawowa.

Da fatan malam ya gamsu. Allah Ya sa albarka a abin da aka noma, Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.