Ko Kun Sani? Mother India Maimaici Ne

Fim ɗin Mother India na 1957, wanda ya daɗe yana tara jama'a a sinimomin arewacin Najeriya, maimaici ne. Mehboob Khan ya fara shirya labarin a 1940 da sunan Aurat, mai baƙi da fari, sannan ya sake shirya shi da launi, inda Nargis ta fito a matsayin Radha, uwar da ta harbe ɗanta Birju don kare mutuncin wata budurwa. Masu cewa na asali ya fi armashi suna da hujja, domin sau da yawa neman kuɗi ke jawo maimaici. Amma na biyun nan ne fim ɗin Indiya na farko da ya kai zagayen ƙarshe na gasar Oscar, har ya dusashe Aurat. Ashe gwanintar aiki ake dubawa, ko da labarin tsoho ne.