Kwaɗayin Mai Ciki: Kafin Ki Ci Boga da Askirim

Kamar yadda kowa ya sani, kwaɗayi yana daga cikin abubuwan da ciki ke zuwa da su. Wata tsami take so, wata yaji, wata kuwa ba abin da ranta ke biya sai abincin gidajen cin abinci na zamani. Tun daga 1986 da aka buɗe Mr Bigg's a Legas, irin waɗannan wurare suka yi ta yaɗuwa, har ga shi yau a Kano da Kaduna da Zariya ana samun boga (wato burodi mai niƙaƙƙen nama a tsakiya), da soyayyen dankali, da kek, da askirim. Uwargida, ba a hana ki zuwa ba. Sai dai akwai abubuwan da ya kamata ki sani kafin a ajiye miki faranti.

Naman boga

Niƙaƙƙen nama ba ɗaya yake da tsokar da aka yanka ba. A tsoka, yawancin ƙwayoyin cuta a bayanta suke, wuta na taɓa su sai su mutu. Amma idan aka niƙa nama, sun shige ko'ina ke nan. Shi ya sa dole zafi ya ratsa har tsakiya, ya kai digiri 71 a ma'aunin Salshiyos. Ki raba naman biyu ki duba. In kin ga ja-ja ko ruwan jini, ki mayar a ƙara gasawa, kada ki ji kunya. Naman da bai gasu ba yana iya ɗauke da ƙwayar toksoplasma. Ke ba lallai ki ji komai ba, amma tana iya ratsa mabiyiya ta taɓa ido ko ƙwaƙwalwar jariri. Haka nan ki nemi wanda aka sauke daga wuta yanzu. Wanda ya yini cikin gilashi ki bar shi.

Kayan sanyi

Akwai wata ƙwayar cuta mai suna listeriya, wadda sanyin firji ba ya hana ta hayayyafa. Mai ciki ta fi sauran mutane saurin kamuwa da ita kusan ninki 10, kuma takan jawo ɓari, ko haihuwar bakwaini, ko mutuwar ɗa a ciki. Takan ɓuya a madarar da ba a dafa ba, da salak ɗin da ya daɗe a ajiye, da injin matso askirim idan ba a wanke shi sosai. Ko a Amurka, an samu ɓullar cutar ta hanyar askirim a 2015. A nan gida kuma ga matsalar ɗauke wuta: abu ya narke, ya sake daskarewa. Saboda haka ki zaɓi na kamfani wanda ke rufe, ki duba ranar lalacewarsa. In kin buɗe kin ga ƙanƙara ta taru a kai, alama ce ya taɓa narkewa. Mayonis ma ki tambaya. Na kwalba ya fi wanda aka kaɗa da ɗanyen ƙwai aminci.

Sukari, gishiri da maiƙo

Iyaye kan ce, "Ci ki ƙara, ai ku biyu ne." Gaskiya ne, amma na biyun ɗan ƙarami ne. A watanni ukun farko jikinki ba ya bukatar ƙarin abinci. A na tsakiya kalori 340 ne ƙarin a rana, a na ƙarshe kuma 450. Boga da dankali da lemo a zama ɗaya suna iya kai 1,000. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar taƙaita sukari, abin da ya kama kimanin ƙaramin cokali 12 a rana ga baligi. Lemon kwalba mai santilita 35 kaɗai yana da kusan cokali 9. Gishiri kuwa kada ya kai giram 5 a yini. Maiƙo da dare kuma shi ke tayar da ƙwannafi.

Wannan ya fi shafar mai ciwon sukari na lokacin ciki. Idan sukari ya yi yawa a jininki, jariri yakan yi ƙiba har ya haura kilo 4, naƙuda ta yi wuya, wani lokaci sai an yi tiyata. Ana gwajinsa tsakanin mako na 24 da na 28. Ki tambayi likita ko ungozoma ranar awo, musamman in akwai ciwon a danginku ko kin taɓa haifar ƙaton jariri.

Yadda za ki yi

Ki mai da fitar ta jefi-jefi. Ki ɗauki ƙaramin boga, ki sha ruwa maimakon lemo, kek kuma ku raba da yara. Maigida, in za ka yo tsaraba, ka kawo da zafinta a ci nan take, ka haɗo da gwanda ko kankana.

In bayan cin abincin waje kika ji zazzaɓi, ko amai da gudawa, ko motsin jariri ya ragu, ki taho asibiti a ranar, ki faɗi abin da kika ci. Kada ki tsaya sayen magani a kemis. Allah ya sauke ki lafiya.