Bagudo: Labarin ambaliya na riga ruwa isowa, amma yana kai wa ga manomi?

Kafin Kogin Kwara ya shigo Najeriya ta jihar Kebbi, sai ya ratsa Yamai, ya bi iyakar Nijar da Benin ta Gaya da Malanbil. Daga nan ne yake gangarowa fadamun Lolo da Illo a ƙaramar hukumar Bagudo, inda shinkafa da kamun kifi ke riƙe da gidaje da dama.

Wannan doguwar tafiya tana ba mutanen yankin tazarar kwanaki su shirya, muddin labari ya iso da wuri.

Hukumar kula da Kogin Neja mai hedikwata a Yamai, wadda ƙasashe 9 suka haɗu a cikinta, tana tattara ma'aunin ruwa daga tashoshin bakin kogi, tana kuma amfani da tauraron ɗan'adam wajen hasashen yawansa. A Najeriya, hukumar NIHSA na sa ido a tashar Jidere Bode da ke Kebbi, kuma duk shekara tana fitar da jerin yankunan da ambaliya ke yi wa barazana. NiMet na hasashen damina, shi kuma Flood Hub na kamfanin Google yana nuna hasashen cikar koguna kyauta a waya.

Cikar kogin sau biyu ce a shekara. Ta farko tana zuwa a Agusta da Satumba daga ruwan saman da ya sauka a kusa, ta biyu kuma tana isowa da rani daga tsaunukan Gini. Ta farkon ce ta fi ɓarna, domin tana tarar da shinkafa a gona. A 2020 ma'aunin kogin a Yamai ya kai matakin da ba a taɓa gani ba, kuma a daminar ce ruwa ya shanye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Kebbi.

Inda gizo ke saƙar shi ne isar da saƙon. Galibin rahotannin na fitowa ne da Turanci ko Faransanci, alhali a bakin kogi Hausa da Dandanci da Fulatanci ake ji, kuma ba kowa ke da babbar waya ba.

Gajeren saƙon murya ta WhatsApp, sanarwar rediyo, da shela daga hakimai da limamai za su iya cike giɓin. Manomin da ya ji gargaɗi da wuri zai iya girbe abin da ya nuna, ya janye injin ban-ruwa, ya kai iyali da dabbobi tudu.