Wudil: Finafinan da za ka gwada majigi da su kafin ka biya kuɗi

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo a Wudil daren da ake buga Gasar Zakarun Turai ya san abin da ke faruwa idan hoto ya dushe. Na baya su fara ƙorafi, wasu su sulale zuwa gidan kallon da ke gaba. Ga mai gidan, majigi jari ne. Ga magidancin da ya daɗe yana tara kuɗi don iyalinsa su riƙa kallo a gida, shi ma ba ƙaramar hidima ba ce.

Majigi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun a zamanin Turawan mulkin mallaka motocin gwamnati sun riƙa zagaya garuruwa suna haska finafinan wayar da kai. Yanzu na'urar ta shiga gidaje, kuma mai saye daga Wudil yakan yi tafiyar kusan kilomita 40 zuwa Kano, ya nufi Sabon Gari ko titin Beirut. Idan sai ya dawo gida ya gano matsala, kafin a karɓi kayan sai an kai ruwa rana.

Wajen gwaji ake yawan yin kuskure. Idan aka saka maka katun, kusan kowace majigi za ta burge ka, domin launukansa masu ƙarfi ne kuma ba ya da duhu. Mafita ita ce ka tafi da finafinanka a filashi, waɗanda idonka ya riga ya saba da su.

Na farko, fim ɗin Hausa mai yawan zaman ɗaki, kamar Labarina na Aminu Saira ko Mati A Zazzau na 2020. Fatar baƙin mutum ce ke saurin tona asirin majigi mai rauni. Dubi fuskar ɗan wasa: kana ganin idanu da layin gemu, ko duk sun haɗe sun zama baƙi ƙirin? Idan kuma yana sanye da farar shadda, a ga aikin wuyan rigar.

Na biyu, fitowar dare. A majigi mara kyau duhu yakan koma ruwan toka, abin da ke bayan 'yan wasa ya ɓace. A nan ne ake gane ko na'urar tana iya raba haske da duhu.

Na uku, minti biyar na wasan ƙwallo. Bi ƙwallon da ido lokacin da aka yi doguwar fasin. Idan tana jan jela, ko lambar rigar ɗan wasa ta narke yayin da yake gudu, masu kallo ba za su daɗe a wurinka ba. Ciyawar fili ma ta fito kore, kada ta karkata zuwa ɗorawa.

Na huɗu, fim ɗin Indiya irin Baahubali na 2015, mai taron jama'a da kaya masu launi kala-kala. Idan yana da rubutun fassara a ƙasa ya fi. Wasu ƙananan majigin, idan ka saita tsakiyar hoto ya fito tas, gefe da ƙasa sai su dushe, rubutun ya yi wuyar karantawa.

Kada a dogara da abin da aka rubuta a kwali. Na'ura na iya karɓar fim mai 1080p alhali ainihin hoton da take fitarwa 720p ne ko ƙasa da haka. Wajen ƙarfin haske ma, a nemi adadin da aka auna da ma'aunin ANSI, domin wasu kamfanoni na zuba manyan lambobi da ba a auna su da shi ba.

A yi gwajin da fitila a kunne, sannan a kashe, tunda ɗakunanmu ba sa yin duhu sosai da rana. A bar ta ta yi aiki na aƙalla minti 30, a saurari ƙarar fanka, a ji zafin jikinta. Zafin bazara da ƙurar hunturu ba sa raga wa na'urar da ba ta shan iska da kyau. Idan ta hannu ce, a duba awannin da ƙwan fitilar ya yi, amma a sani ana iya mayar da lissafin sifiri. A ƙarshe a haska farin allo zalla: ɗigon ƙura ko tabon rawaya zai bayyana nan take. Mai amfani da sola ko janareta kuma ya tambayi wutar da take ci.

Mai shagon da ya yarda da kayansa ba zai hana ka wannan rabin awa ba. Idan ya ƙi, ka zare filashinka ka leƙa shago na gaba.