Cire Mafitsara ga Majinyaci Mai Rauni: Tiyatar Na'ura ko ta Buɗe Ciki?

Idan ciwon daji ya ratsa naman bangon mafitsara, babban magani shi ne a cire ta ɗungurungum. Ana yanko guntun ƙaramin hanji a haɗa shi da bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, fitsarin ya riƙa zuba cikin jakar da ake mannawa a fatar ciki. Aiki ne mai nauyi, kuma yawancin masu buƙatarsa dattawa ne, wasunsu da ciwon zuciya ko na suga.

A tiyatar da aka saba, likita yana tsaga ciki daga cibiya zuwa mara. A ta na'ura kuwa, kamar da Vinci wadda Amurka ta amince da ita a shekarar 2000, ƙananan huji ake yi, likita ya zauna gaban allo yana sarrafa hannuwan ƙarfe. Na'urar ba ta yanke komai da kanta.

Binciken RAZOR na Amurka, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna cewa bayan shekara 2 hanyoyin biyu kusan kunnen doki suka yi wajen hana ciwon ci gaba, sai dai zubar jini ta fi ƙaranci a tiyatar na'ura. Binciken iROC na Birtaniya a 2022 ya gano cewa matsalar miki da daskarewar jini a jijiyoyi sun ragu a tiyatar na'ura, masu na'ura kuma sun ɗan riga komawa gida. Ga tsohon da kwanciyar mako guda kan kashe wa ƙafafu, wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Amma tiyatar na'ura ta fi ɗaukar lokaci. Ana hura ciki da iskar gas, a karkata gado kai ya yi ƙasa na tsawon sa'o'i, abin da kan takura wa huhu da zuciya masu rauni. Tana kuma da tsada.

Don haka likitoci ba sa tsayawa ga shekaru kaɗai. Suna duba saurin tafiyar majinyaci, da ƙarfin damƙarsa, da ko ya rame. Wanda ya yi rauni sosai akan sauƙaƙa masa aikin, a fito da bututun fitsari kai tsaye ta fata, ko a bar mafitsarar a yi masa gashi tare da magani. Ƙarfin jikin majinyaci da ƙwarewar likitocin da za su yi aikin sun fi irin kayan aikin tasiri.