Kafin a Ɗauki Sukudireba: Jinyar Na'urar Faifan Commodore 1541

Ƙwan-ƙwan-ƙwan-ƙwan, da sauri, sai jar fitila ta shiga ƙyaftawa. Duk wanda ya yi mu'amala da kwamfutar Commodore 64, wadda ta fito a Amurka a 1982, ya san wannan ƙara. Na'urar karanta faifanta ce, 1541, take sanar da cewa ta nemi abu a kan faifai ba ta samu ba. Kamfanin Commodore ya durƙushe tun 1994, amma har yau akwai masu tono waɗannan na'urori daga ɗakin ajiya, ko don wasannin yarinta, ko don wata wasiƙa ko lissafin kasuwanci da ya maƙale a faifan da ba abin da ke iya karanta shi sai ita.

Da zarar ta ƙi karatu, hukuncin da aka fi saurin yankewa shi ne saitin kan karatunta ya goce. Sai a ɗauko sukudireba. A ganina nan ne mafi yawan ɓarnar take farawa, domin gocewar saiti ita ce ta ƙarshe a jerin abubuwan da ya kamata a zarga.

Zargin dai ba a banza ya samo asali ba. Faifan 1541 mai faɗin inci 5.25 ne, leda ce siririya da aka shafe da garin maganaɗisu, tana juyawa sau 300 a minti cikin rigarta. An raba fuskarta zuwa zobba 35, tazarar kowane da na kusa da shi kusan rabin milimita, kuma duka abin da take ɗauka bai wuce kilobayit 170 ba. Wani ƙaramin inji ne ke matsar da kan karatu taki-taki daga zobe zuwa zobe. To amma ba a sa wa ainihin 1541 abin da zai gaya mata cewa kan ya iso zoben farko ba. Dabararta ita ce ta yi ta jan kan baya har ya bugi wani ƙarfen tsayawa, ta ci gaba da bugawa don ta tabbatar. Ƙarar ke nan. Kamfanonin wasanni kuma suka riƙa dasa kurakurai da gangan a faifansu don hana kwafi, abin da ya sa bugun ya yawaita. Ga taransifoma a cikin akwatin tana dafa komai da zafi. A hankali sai saitin wasu na'urorin ya goce da gaske, sunan ya bi su.

Amma na'urar da ta shekara talatin a ajiye tana da cututtukan da suka fi wannan kusa.

A fara da kallo da saurare, ba tare da faifai a ciki ba. 1541 kwamfuta ce mai zaman kanta, da ƙwaƙwalwarta ta 6502 da tsarin aikinta, don haka tana gwada kanta idan an kunna. Mai lafiya, koriyar fitila za ta kama ta zauna, jar ta kama na ɗan lokaci ta mutu, injin juya faifai ya yi ɗan gudu ya tsaya. Idan jar ta ƙi mutuwa, injin kuma ya ƙi tsayawa, matsalar a allon lantarki take ko a wutar da ke isa gare shi, sai a sa mita a duba ko bolt 5 da bolt 12 suna nan. Babu ruwan saiti a nan ko kaɗan. Idan kuma kwamfutar ta ce ba ta ga na'urar ba sam, waya da soket ne farkon abin dubawa. Wanda ya samo tasa cikin kayan gwanjo ya karanta rubutun bayanta tun kafin ya jona: wadda aka yi don Amurka wutar da ba ta wuce bolt 120 ba take ci, tamu kuwa ta ninka haka. Kuma tunda wutar gida kai tsaye take shiga akwatin, a zare filogi kafin a buɗe murfi.

Ta wuce wannan gwaji? To a tambaye ta abin da ke damunta, domin tana da bakin magana. Ƙyaftawar jar fitila na nufin akwai saƙon kuskure da ke jira, kuma layi biyu ko uku na harshen kwamfuta na BASIC sun isa a karanto shi ta tasha ta 15. Lamba 21 na cewa kan bai ji alamar komai a zoben ba. Lamba 23 na cewa ya karanta, amma lissafin bai daidaita ba, wanda sau da yawa laifin faifan ne. Saƙon yana zuwa har da lambar zoben da aka yi tuntuɓe. Idan 18 ce, nan ne jerin sunayen fayiloli yake, shi ya sa faifan duka yake zama kamar babu komai a kansa.

Yanzu sai faifan kansa, wanda shi ne babban mai laifi. A juya ledar a hankali ta tsakiyarta, a riƙa leƙa ta tagar rigar a cikin haske. Lafiyayya tana sheƙi sumul. Wadda danshi ya kama za a ga tabo-tabo fari na fumfuna, ko wani hazo a fuskarta. Irin wannan faifan, juyi kaɗan zai yi ya shafa wa kan karatu wata dauɗa ruwan ƙasa, daga nan ko sabon faifai aka sa ba zai karantu ba, ƙila ma kan ya kankare shi, ya bar zobe mai haske inda bayanai suke a da. Maganin bai wuce abin da masu gyaran rediyo mai kaset suka saba ba: auduga a tsinke, a tsoma a sifirit na isopropyl, a goge kan a hankali har audugar ta daina fitowa da launi, a bar shi ya bushe. Kan 1541 a ƙasa yake, yana kallon sama. Ɗan ƙyallen da ke samansa danna faifai kawai yake yi, kada a jiƙa shi. Sandunan da kan ke zamewa a kansu su ma a share musu tsohon giris da ya daskare, a ɗiga mai kaɗan. Sannan a tabbata faifan gwajin irin nata ne, domin faifai mai megabayit 1.2 na kwamfutocin IBM kamarsu ɗaya a ido, amma 1541 ba ta iya rubutu a kansa yadda ya kamata.

Gudu ma yakan kauce idan bel ɗin roba ya saki. Masu ƙirar sun yi wata dabara mai ban sha'awa: a ƙarƙashin na'urar, a jikin ƙarfen da bel ke juyawa, akwai zane-zanen baƙi da fari jere biyu, ɗaya na wuta mai bugu 50 a daƙiƙa, ɗaya na 60. A haska da doguwar fitilar nan ta da, sai zanen ya yi kamar ya tsaya cak idan gudun daidai ne. Idan yana rarrafe gaba ko baya, a sauya bel kafin a taɓa maɓallin daidaita gudu.

Sai bayan duk wannan ake maganar saiti, kuma gwajinsa hankali kawai yake so. A ɗauki faifan da ba a damu da shi ba, a sa na'urar ta tsara shi, ta rubuta, ta karanta. Idan ta karanta nata amma ta ƙi na kamfani, saiti ne. Idan ko nata ta kasa, kwance sukurorin injin da ke matsar da kan gyaran gangar Auzinawa zai zama. A nan sai a dubi ƙofarta. Mai murfin dannawa ƙirar Alps ce, mai hannun murɗawa ta Newtronics ce, kuma ta biyun ta yi suna wajen yankewar siririyar wayar cikin kan karatu. Mita za ta nuna, kuma ba ta gyaruwa sai an samo wani kan.

Ko da saitin ne da gaske, akwai tarko. Na'urar da ta goce ta ci gaba da aiki shekaru, duk abin da ta rubuta a goce ta rubuta shi, kuma wataƙila ita kaɗai ce a duniya ke iya karanta shi. Ranar da aka daidaita ta, za ta karɓi faifan kamfani ta juya wa na mai gidanta baya. Don haka a kwashe abin da ke kan faifan gida zuwa kwamfutar zamani tukuna, da na'ura irin ZoomFloppy da ke haɗa 1541 da USB, ana goge kan bayan kowane faifai. Wasu tsofaffin ledojin karatu ɗaya ya rage musu kafin garin ya zube, shi ya sa ake fara kwafe mafi muhimmanci, kuma sai bayan an gwada na'urar da faifan da ko ya lalace ba a yi asara ba.