Matan Gambiya da Tattalin Arzikin Teku

Ya ku malamai da fatake na Tambuwal da Kebbe, ku sani Gulbin Zamfara yana faɗawa Gulbin Sakkwato, shi kuma ya faɗa Kwara, har ruwan ya tuƙe a tekun Atilantika. Saboda haka sha'anin teku ya shafe mu.

Cikin mata akwai waɗanda suka yi fice a binciken teku, kamar Sylvia Earle ta Amurka, wadda ta nutsa mita 381 a 1979 ta taka ƙasan bahar. Amma abin lura gare mu yana Gambiya, a fadamar Tanbi kusa da Banjul, inda mata ke ciro kawa daga saiwoyin itatuwan ruwan gishiri. Da masu ɗiba suka yawaita, ana sare saiwa, sai kawa ta ƙaranta. A 2007 Fatou Janha Mboob ta tara su cikin ƙungiyar TRY. Suka yi ittifaƙi a bar saran saiwa, a dasa sababbin itatuwa, a dakatar da ɗiba wata takwas kowace shekara. Kawa ta girma, kuɗinta ya ƙaru. A 2012 hukuma ta damƙa musu ikon wannan sana'a a fadamar.

Wannan hikima Kabawa sun san ta, domin sukan hana su a Matan Fada har ranar bikin Argungu. To, ya fatake, idan kuka ƙi sayen 'ya'yan kifi da wanda aka kashe da guba, masunci zai bari, gulbi ya huta, jikokinmu su sami na miya.

Wassalam.